Ayyukan Mishan a karkarar ƙasar Hausa: Yadda magani ya buɗe ƙofar da wa'azi ya kasa buɗewa

Matafiyin da ya taso daga Sakkwato ya nufi Yawuri, ya ratsa Aliero da Jega da Maiyama, zai fi lura da buhunan albasa da hayaniyar kasuwa da hasumiyoyin masallatai fiye da komai. Majami'un da zai gani 'yan kaɗan ne, galibi a gefen gari, kuma yawancin masu halartarsu 'yan kasuwa ne da ma'aikata da suka zo daga wasu sassan ƙasa. Sai ya ƙara nausawa kudu, wajen ƙasar Zuru, sannan zai tarar da ƙauyukan da Kiristanci ya yi saiwa a cikin 'yan ƙasa. Wannan bambanci yana da tarihi. Tarihin kuwa ya shafi alƙawarin da Turawa suka yi wa sarakuna, da cutar kuturta, da kuma tambayar da har yau ba a gama amsa ta ba: shin taimakon da mai wa'azi ya kawo kyauta ne, ko kuwa akwai abin da ake biya?

Ƙasar da suka tarar

Jega da Aliero da Maiyama duk suna cikin Masarautar Gwandu, wadda ita ce ta riƙe yammacin Daular Usmaniyya tun zamanin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo. A wannan yanki Gimbana take, garin Malam Abdussalami, wanda harin da mayaƙan Gobir suka kai masa na cikin abubuwan da suka kai ga hijirar Shehu Usmanu zuwa Gudu a 1804. Ita kanta Jega ɗan Abdussalami ne, Buhari, ya kafa ta, ta kuma bunƙasa har ta zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin yankin.

Saboda haka mai bisharar da ya iso nan ya tarar da mutanen da ke da malamansu da alƙalansu da makarantun allo da na ilimi. Ta fuskar magani ma ba su rasa nasu ba, domin har gobe Aliero ta yi suna wajen ɗorin karaya. Abin da ya yi ƙaranci a farkon ƙarni na 20 shi ne asibiti irin na zamani, musamman a karkara. Ta wannan giɓi 'yan mishan suka shigo.

Su wane ne 'yan mishan?

Kalmar mishan a bakin Bahaushe ta haɗa ƙungiyoyi da dama waɗanda asalinsu da aƙidarsu suka bambanta. Huɗu daga cikinsu ne suka fi shafar ƙasar Hausa.

Ta farko ita ce CMS ta Cocin Angilika daga Ingila. A 1900 Bishop Herbert Tugwell ya jagoranci wani ayari zuwa Kano, amma Sarki Alu ya umarce su da su bar garin cikin 'yan kwanaki, suka koma Girku a ƙasar Zazzau. Ɗaya daga cikinsu, Dokta Walter Miller, ya samu zama a cikin birnin Zariya a 1905, ya buɗe makaranta da ɗakin shan magani. A 1929 aka mayar da aikin Wusasa, a bayan gari.

Ta biyu ita ce SIM, wadda Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham suka fara a 1893. Biyu na farko sun mutu a shekara mai zuwa ba tare da sun kafa komai ba. Sai a 1902 ƙungiyar ta samu tasha ta farko a Patigi, a ƙasar Nufe. Ita ce daga baya ta fi kowa yawan tashoshi a ƙasar Hausa, kuma daga cikinta cocin ECWA ya fito a 1954.

Ta uku ita ce UMS, wadda ta fara a ƙasar Nufe ita ma, sannan ta hauro arewa zuwa ƙasar Kambari da Zuru. Cocin UMCA shi ne magajinta.

Ta huɗu ita ce Cocin Katolika. Limaman ɗariƙar Dominikan daga Amurka aka damƙa wa yankin Sakkwato a 1953, aka ɗaga shi zuwa cikakkiyar dayosis a 1964.

Alƙawarin Lugga

Bayan cin Sakkwato a watan Maris na 1903, Gwamna Lugga ya yi wa Sarkin Musulmi da manyan gari alƙawarin cewa gwamnati ba za ta tsoma baki cikin addininsu ba. Dalilin a fili yake. Turawan ba su da yawa, sun dogara ne ga sarakuna wajen karɓar haraji da jangali da riƙe talakawa, ba su kuma son abin da zai tayar da ƙura. Tawayen Satiru na 1906, kusa da Sakkwato, ya ƙara musu tsoron duk abin da ya shafi addini.

Razdan-razdan da suka biyo baya sun fassara alƙawarin da cewa ba a yarda ɗan mishan ya kafa tasha a ƙasar sarkin Musulunci ba. Kusan shekara 30 aka yi a haka. Masu bishara suka karkata zuwa Filato da kudancin Zariya da Binuwai da Adamawa, inda suka buɗe makarantu masu yawa. Wannan na cikin dalilan da suka sa ilimin boko ya riga yaɗuwa a can kafin ya yaɗu a lardunan Sakkwato da Kano da Katsina, abin da ya bar tabo a rabon aikin gwamnati shekaru da yawa bayan haka.

An fara sassauta takunkumin a ƙarshen shekarun 1920, aka ƙara sassautawa zamanin Gwamna Donald Cameron, daga 1931 zuwa 1935. Amma abin da ya buɗe ƙofar sosai wata cuta ce da kowa ke gudu.

Ƙofar kuturta

Kuturta cuta ce da wata ƙwayar cuta ke kawowa, wadda likitan ƙasar Nowe, Gerhard Hansen, ya gano a 1873. Takan kama fata da jijiyoyi. Idan jijiya ta mutu, mutum ba ya jin zafin wuta ko ƙaya, sai rauni ya zama gyambo, gyambo ya ci yatsu. A wancan zamani cutar ta yi yawa a Arewa, masu ita kuma akasari bara ce makomarsu, suna da sarkinsu da unguwarsu a manyan garuruwa.

Hukumomin En'e sun yi ƙoƙarin kafa sansanoni, amma ba su da likitoci da masu jinya da za su zauna a daji shekara da shekaru suna wanke gyambo. 'Yan mishan kuwa suna da mutanen da suka yarda su yi hakan, ga kuma tallafi daga ƙungiyoyin yaƙi da kuturta na Ingila da Amurka. Daga 1937 aka shiga damƙa wa SIM manyan sansanonin larduna. Na Kano shi ne ya zauna a Yadakunya, na Katsina a Babbar Ruga, na Lardin Sakkwato kuma a Amanawa, kudu da birnin. Lardin Sakkwato na lokacin ya haɗa masarautun Sakkwato da Gwandu da Argungu da Yawuri, don haka majinyacin Jega ko Maiyama ɗan lardin ne kamar na Bodinga ko Gusau. Akwai ma wata unguwar masu fama da cutar mai suna Amanawa a ƙaramar hukumar Kalgo, maƙwabciyar Jega.

Tsarin ya tsaya ne a kan rabon aiki. En'e ta ba da fili da wani kaso na kuɗi daga baitulmali, mishan ta kawo likita da masu jinya da magani. Sarakunan zamanin, irin su Abdullahi Bayero na Kano da Muhammadu Dikko na Katsina, sun amince ne domin talakawansu su samu magani, bisa fahimtar cewa ba za a tilasta wa kowa sauraron wa'azi ba. Bahaushe ya ce wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. 'Yan mishan sun karɓi ladan, wato izinin zama a ƙasar da aka daɗe ana hana su, sun kuma yi askin.

Sansanin kuturta ya fi kama da ƙauye fiye da asibiti. Majinyaci kan zauna shekaru, a ba shi ɗaki da gona, ya yi noma gwargwadon ƙarfinsa. Ana koyar da saƙa da ɗinki da kafinta, ana kuma koyar da karatu da rubutun Hausa na boko. Maganin farko shi ne man 'ya'yan wani itace na ƙasar Indiya da ake yi wa mutum allurarsa, mai raɗaɗi ƙwarai, amfaninsa kuma bai taka kara ya karya ba. Sauyi ya zo a ƙarshen shekarun 1940, lokacin da aka tabbatar da ingancin ƙwayar dafson, kuma gwajin da Dokta John Lowe ya yi a Uzuakoli, a gabashin Nijeriya, na cikin waɗanda suka tabbatar da hakan. Da yake ƙwaya ce mai araha da ake haɗiya, ba sai an tsare mutum a sansani ba. Sai aka shiga buɗe ƙananan wuraren karɓar magani a ƙauyuka, inda ma'aikaci kan zo a kan keke a ranar da aka tsayar, ya duba fata, ya raba ƙwaya, ya rubuta a littafi.

Akwai wani ɓangare na tsarin da ya fi kowanne jawo magana. Saboda tsoron kada jariri ya kamu, akan raba shi da mahaifiyarsa mai cutar, a rene shi a gidan renon mishan. Yaran da suka tashi a irin waɗannan gidaje, da samarin da suka yi shekaru a sansani suka koyi boko da aikin jinya, suna cikin Hausawan farko da suka karɓi Kiristanci a waɗannan larduna. Da yawa sun zama malaman asibiti da malaman makaranta da masu bishara. Mafi yawan majinyata kuwa sun sha magani, sun koma gida da addininsu.

Yadda aikin ke gudana a ƙauye

Tashar mishan ta karkara takan ƙunshi abubuwa uku: ɗakin shan magani, da ajin koyon karatu, da wurin sujada. Ɗakin magani shi ne ke jawo jama'a. Ana zuwa da ciwon ido da gyambo da zazzaɓi da saran maciji da naƙuda mai wuya, kuma akan yi ɗan gajeren wa'azi ko addu'a kafin a fara duba marasa lafiya. Ajin karatu kuwa manufarsa ta farko ita ce mutum ya iya karanta Littafi Mai Tsarki da kansa, wanda cikakkiyar fassararsa ta Hausa ta fito a 1932, Dokta Miller na cikin waɗanda suka yi aikin. Amma wanda ya iya karatu ya iya ke nan, zai karanta takardar haraji da wasiƙa da jarida.

Bature shi ne sunansa ya fi fitowa a rahotanni, amma yawancin aikin 'yan ƙasa ne suka yi shi. Mai bishara kan tare a ƙauye da iyalinsa, ya roƙi gona wurin mai gari, ya yi noma kamar kowa, da yamma ya koyar da yara, matarsa kuma ta taimaka wa mata wajen haihuwa da rainon jarirai. Karɓuwarsa ta dogara ga halinsa da zamansa da mutane fiye da iya bakinsa. Wannan salo ECWA ta ci gaba da bi ta hannun sashenta na bishara, kuma shi ne ya yi tasiri a ƙauyukan Maguzawa na Kano da Katsina, musamman daga shekarun 1970.

Kudancin Kebbi

Labarin ƙasar Zuru dabam ne. Dakarkari, waɗanda ke kiran kansu Lelna, da Dukkawa da Kambari da maƙwabtansu, yawancinsu suna bin addinin gargajiya a farkon mulkin Turawa, don haka takunkumin bai yi tsanani a kansu ba. UMS ta buɗe tasha a Zuru a 1925, daga baya ta kafa asibiti da makarantar Littafi Mai Tsarki a Tungan Magajiya, wadda yanzu take cikin Jihar Neja. Katolika ma ta shigo, kuma a yau wannan yanki yana ƙarƙashin Dayosis ɗin Kontagora.

Musulunci shi ma ya yaɗu a yankin a daidai wannan lokaci, ta hanyar fatauci da sarauta da aikin soja. Sakamakon shi ne abin da ake gani yanzu: gida ɗaya, wa Musulmi, ƙane Kirista, kaka kuma tana riƙe da al'adar iyayenta, kuma duk sukan haɗu a bikin Uhola.

Tsallaken iyaka

Ɗan kasuwar albasa na Aliero ya san sunan Galmi, garin Jamhuriyar Nijar da irin albasarsa ya shahara a Afirka ta Yamma. A nan ne SIM ta buɗe asibiti a 1950, wanda har yau marasa lafiya daga Nijeriya ke tsallaka iyaka su je. Kafin nan ƙungiyar ta zauna a Damagaram a 1924, sannan Tsibiri kusa da Maraɗi, ta kuma buɗe cibiyar kuturta a Danja a 1956.

Daga Maraɗi ne kuma aka samu aikin mishan da ya fi kowanne taɓa rayuwar manomi. Wani ma'aikacin SIM ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya yi shekaru yana dashen itatuwa suna mutuwa. A 1983 ya lura cewa 'yan tsirran da manoma ke sassabewa kowace shekara toho ne daga kututturan itatuwan da aka sare, saiwarsu na nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Idan aka zaɓi reshe ɗaya ko biyu masu ƙarfi aka bari, aka datse sauran, cikin 'yan shekaru sai su zama itace. Manoma suka kira dabarar sassabin zamani. Yunwar 1984 ta sa aka haɗa ta da rabon abinci, daga baya kuma ta yaɗu daga gona zuwa gona ba tare da an biya kowa ba. An ƙiyasta cewa ta farfaɗo da itatuwa kimanin miliyan 200 a fili mai faɗin hekta miliyan 5 a Nijar. Kusan duk manoman da suka amfana Musulmi ne, kuma ba su bar addininsu ba.

Bayan samun 'yanci

Da aka ƙirƙiro jihohi a 1967, tsohon Lardin Sakkwato ya faɗa cikin Jihar Arewa maso Yamma. A shekarun 1970 gwamnatocin jihohi suka karɓe yawancin makarantu da asibitocin mishan, har da sansanonin kuturta. Turawa suka ragu, ragowar aikin ya koma hannun cocin 'yan ƙasa. Jihar Kebbi da aka kafa ranar 27 ga Agusta, 1991, ta gaji nata kason.

Wuraren suna nan, ko da yake aikinsu ya sauya. Amanawa ta Sakkwato ta zama asibitin cututtuka masu yaɗuwa, a nan aka killace masu cutar korona a 2020. Babbar Ruga ta zama cibiyar ƙasa ta aikin yoyon fitsari. Yadakunya, wadda Kanawa ke kira Asibitin Bela, tana ci gaba da kula da cututtukan fata. Asibitin Ido na ECWA da aka buɗe a Kano a 1943 yana hannun cocin har yanzu. Wusasa kuwa ta yaye mutane irin su Dokta R.A.B. Dikko, likita na farko ɗan Arewa, da Farfesa Ishaya Audu, kuma a can Janar Yakubu Gowon ya tashi.

Inda ake saɓani

Masu suka suna cewa wanda ciwo ya kayar ba shi da bakin cewa a'a, don haka wa'azi a bakin gadon majinyaci ko ga yaron da aka raba da uwarsa cin amanar rauni ne. Wannan damuwa ce ta sa iyaye da yawa suka ƙi kai 'ya'yansu makarantar boko, ƙin da illarsa ta daɗe. Ita ce kuma ta zaburar da ƙungiyoyin Musulmi, irin su Jama'atu Nasril Islam da aka kafa a 1962, su buɗe nasu makarantu da ayyukan agaji.

Masu kare aikin kuwa suna cewa 'yan mishan ba su taɓa ɓoye manufarsu ba, sun yi jinyar wanda danginsa suka guje shi, kuma ƙarancin waɗanda suka sauya addini shaida ce cewa ba a tilasta wa mutane ba. Kiristocin Hausawa su ma suna da nasu koke: wahalar samun filin gina majami'a, da kallon baƙi da ake yi musu a garin kakanninsu.

Dokar ƙasa ta tsaya a tsakiya. Sashe na 38 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin yin addininsa da sauya shi da yaɗa shi. Wannan sashe ne kuma ya hana a tilasta wa ɗalibi karɓar darasin addinin da ba nasa ba, ko wanda iyayensa ba su amince da shi ba. Ma'aikacin da takardar neman izinin buɗe asibiti ko makarantar wata ƙungiyar addini ta zo teburinsa, ta Kirista ce ko ta Musulmi, waɗannan ƙa'idoji biyu ne ma'auninsa, tare da tambaya guda: za a duba kowa ba tare da sharaɗi ba?

Aikin da ya rage

Kuturtar da ta buɗe ƙofar ba ta ƙare ba. Nijeriya ta kai matakin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gindaya na rage cutar a 1998, amma har yanzu ana gano sababbin masu ita kimanin 2,000 a kowace shekara. Maganin yanzu haɗin ƙwayoyi uku ne da ake sha wata 6 ko wata 12, kyauta ake bayar da shi, kuma wanda ya fara sha ba ya yaɗa cutar. Ƙungiyar TLM, wadda ita ma asalinta mishan ce, tana aiki tare da ma'aikatun lafiya na Kebbi da Sakkwato da Zamfara a kan haka.

Alamar farko ita ce tabo a fata mai haske ko ja-ja, wanda ba ya ƙaiƙayi, kuma idan an taɓa shi ba a ji. Wanda ya ga haka a jikinsa ko jikin ɗansa, ya nemi jami'in tarin fuka da kuturta na ƙaramar hukumarsa, a Jega ne ko Aliero ko Maiyama. Idan an fara magani kafin jijiya ta mutu, galibi akan kauce wa guntulewar yatsu.